Rigar Sanyin Matan Tsibiran Aran

Uwargida, a yammacin ƙasar Ayilan, cikin tekun Atlantika, akwai tsibirai uku da ake kira Aran. Ƙasa ce ta dutse, da ƙyar ake ganin itace. Da kaka ta shigo, iska mai ɗauke da yayyafi ba ta raga wa kowa.

A nan matan masunta suka yi suna wajen saƙa riga mai kauri, mai zane kamar tufkar igiya. A da ba sa wanke maiƙon gashin tumakin duka, shi ya sa ruwa ba ya saurin ratsa ta. Akan faɗa wa baƙi wai kowane gida da zanensa, don a gane masunci in teku ta ci shi. Tatsuniya ce kawai. Abin da ya tabbata, tun shekarun 1950 da aka fara fitar da rigar zuwa Amurka, saƙar ta zama hanyar samun kuɗi ga mata suna cikin gidajensu, kuma wannan ya fi burge ni.

A babban tsibirin, Inis Mór, akwai Kilmurvey House, tsohon gidan dutse da aka mayar masauki. Yana gindin hanyar da ke hawa zuwa tsohuwar ganuwar Dún Aonghasa, wadda ke bisa gaɓa mai tsayin kusan mita 100.

Yawancin rigunan da ke kasuwa yanzu saƙar inji ce. In kin dace da ta ulu a gwanjo don hunturun yara, ki wanke da ruwan sanyi, kada ki murɗe. Ki shimfiɗa ta a inuwa, don rataya tana sa ta zazzago.