Gayyar tsafta a Zongon Lome: ina za a kai sharar bayan an yashe kwata?

Zongon da Hausawan Lome ke zaune a yau ba shi ne na asali ba. A 1977 hukumomin Togo suka rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar birni, aka mayar da mutanensa can arewa, yankin Agoè da Togblékopé, kusa da babbar hanyar da ta nufi Burkina Faso. Wurin yana dab da fadamar kogin Zio, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa ba ya saurin wucewa. Waɗanda suka ga ambaliyar 2008, wadda ta karya gadoji har ta yanke hanyar arewa, sun san abin da ake nufi. Shi ya sa a nan toshewar kwata ɗaya da ledojin ruwan sha kan iya jawo ruwa ya kwana a cikin gidaje, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa, ƙazanta ta gangara rijiyoyi.

Tara jama'a ba shi ne abu mai wuya ba. Bahaushe ya san gayya tun daga gona, kuma idan sarkin Zongo ya amince, limamai suka yi sanarwa bayan sallar Juma'a, matasa za su fito da shebur da manjagara da baro, mata da tsintsiya. Inda aikin ya fi lalacewa shi ne bayan an gama. A yashe kwata, a tara baƙin taɓo da leda a bakin hanya, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Babu motar da za ta kwashe. Kwana uku awaki sun baje tarin, ruwan sama na farko ya mayar da shi inda aka ciro shi. Wanda ya sha rana a banza sau ɗaya, da wuya ya sake fitowa.

Don haka tsari mai kyau daga ƙarshe yake farawa: a samu alƙawarin mota kafin a sa rana. Tun bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2019, Babban Lome ya kasu gida 13, bakwai a Golfe, shida a Agoè-Nyivé, kuma ofishin magajin gari ne ƙofar farko. Hanyar da aka saba bi zuwa can ita ce kwamitin raya unguwa, wanda ake kira CDQ. Takardar da ta fito ta hannunsa, da sunayen layukan da za a share da wurin da za a tara sharar, ta fi nauyi bisa roƙon baki. Akwai kuma ANASAP, hukumar tsaftar muhalli ta ƙasa, mai manyan motoci da injinan yashe magudanai. Makomar sharar birnin ita ce babban wurin binne shara na Aképé, wanda ya fara aiki a 2018. Tarin da bai kama wannan hanya ba, sauya masa wuri kawai aka yi.

Rana ma tana da muhimmanci. Gwamnati ta ware Asabar ta farko a kowane wata don aikin da ake kira Togo propre, kamar yadda Kano ke yin nata a Asabar ta ƙarshe, kuma unguwar da ta haɗa gayyarta da wannan rana ta fi samun kunnen hukuma. Amma babbar yasa ta watan Maris ce, kafin babbar damina ta Afrilu zuwa Yuli, sai a maimaita a Agusta kafin ƙaramar. Bayan babbar salla kuwa dole a yi fitowa ta musamman saboda jini da tumbi.

A raba aikin layi layi, kowane layi da mai kula da shi, a fara daga inda ruwa ke fita a hauro sama. Masu shiga kwata su sa takalmin roba da safar hannu, domin fasasshiyar kwalba da allura ba sa ganuwa a cikin taɓo. Yara su tsaya ga tsintar leda. Kada a cinna wa tarin wuta, ko da ya fi sauƙi: hayaƙin roba a unguwa mai cunkoso cuta ce ga tsofaffi da masu asma.

Sai batun da ba a cika son ji ba, wato kuɗi. Togo ta haramta ledar da ba ta ruɓewa tun 2011, amma ga ta nan ko'ina, kuma gidan da ba ya biyan masu babur mai ƙafa uku su kwashe masa shara, da dare kwata yake kai ta. A gidajen haya masu ɗakuna da yawa rigimar ita ce wa zai biya, mai gida ko 'yan haya. Ranar gayya, lokacin da kowa ke waje, ita ce damar da kwamiti ke da ita ta bi gida gida da littafi, a rubuta waɗanda suka yi rajista, a kuma daidaita yadda za a raba kuɗin wata tsakanin ɗakuna.