Kafin a Kai Ga Alƙali: Yadda Ake Sulhunta Rikicin Iyali

Idan mace ta yi yaji a ƙasar Hausa, ba kotu ake fara nufa ba. Miji zai tura biko, waliyyai su zauna, in abin ya faskara a kira liman ko mai unguwa. Tsarin yana da tushe a addini, domin aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a naɗa mai sasantawa ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, idan aka ji tsoron ɓaraka.

Hukuma ma ta shigo ciki. A Kano, dokar 2003 ta kafa Hukumar Hisbah, wadda ofisoshinta ke cika da ma'aurata masu ƙorafin ci da sha, saki da riƙon yara. Legas kuwa tun 2002 ta buɗe cibiyar sasanci a cikin babbar kotunta.

Turawa sun zo wannan hanya ne bayan sun sha wuyar shari'a. A 1990 wani lauya a birnin Minneapolis na Amurka, Stuart Webb, ya gaji da ganin yadda shari'ar saki ke cinye dukiya ta bar gaba, sai ya ɓullo da wata dabara. Miji da mata kowa zai ɗauki lauyansa, su huɗun su zauna a teburi guda, kowa ya bayyana abin da ya mallaka ba ɓoye-ɓoye. Sannan a sa hannu a kan sharaɗi mai nauyi: in magana ta watse aka tafi kotu, lauyoyin biyu sun fita daga shari'ar. Ke nan lauya ba shi da riba a tsawaita rigima. A Ingila, tun 2014, yawancin masu son kai ƙarar riƙon yara ko rabon dukiya sai sun fara ganawa da mai sasanci, amma an keɓe waɗanda ake duka ko azabtarwa a gida.

Wannan keɓewar abin lura ce a wajenmu. Sau da yawa zaman sulhunmu yana ƙarewa ne da "ki yi haƙuri", a mayar da mace ɗakinta ba a ji ta bakinta ba. Wata ma ba ta san cewa a mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancantar riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji, ciyarwa kuma tana wuyan uba ba. Sulhun da aka gina kan jahilcin ɓangare ɗaya danniya ce, kuma ba ya ɗorewa.

Ga kuma matsalar rashin rubutu. A yi alkawarin kuɗin makaranta da baki, bayan wata uku a musanta.

Dattawa da malamai masu zaman sulhu, a ba mace dama ta yi magana da kanta, a sanar da kowa haƙƙinsa kafin a nemi ya yafe, a kuma rubuta abin da aka amince a kai gaban shaidu.