Ma'aunin Ƙarfin Wuta na Jikin Bango: Gaskiya da Jita-jita

A shaguna da gidaje da yawa a Minna, daga Bosso zuwa Tunga da Chanchaga, za ka ga ɗan ƙaramin allo kusa da canji-oba, jajayen lambobi na haskawa: 228, 190, wani lokacin 160. Ma'aunin ƙarfin wuta ke nan, mai nuna bolt nawa ke shigowa. Yadda ya yaɗu, haka maganganu a kansa suka yaɗu, kuma wasunsu na jawo wa mutane asarar kaya.

"Yana shanye yunit ɗin mita." Ƙarya ce. Ƙananan irinsa ba sa wuce wat 1 zuwa 2. Mai cin wat 1, ko ya kwana 30 a kunne ba dare ba rana, bai cinye yunit guda ba. Dutsen guga kan cinye fiye da haka cikin awa ɗaya.

"Yana kare firij da talabijin." Wannan ce ƙaryar da ta fi haɗari. Aikinsa irin na ma'aunin zafin jiki ne: zai gaya maka akwai zazzaɓi, amma ba ya magani. Mai karewa shi ne sitabilaiza, ko na'urar da ke yanke wuta da kanta idan ta yi sama ko ƙasa. Wasu daga cikinsu ma suna da lambobi a fuska, shi ya sa ake rikita su. Ka tambayi mai kaya: nunawa kawai yake yi, ko yana yankewa?

"In lambar na motsi, ya lalace." Ba haka ba ne. Ƙa'idar wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, kuma tana hawa da sauka gwargwadon masu ja. Tsakanin 207 da 253 yawancin kaya na aiki lafiya.

"Muna kusa da Shiroro, dole wutarmu ta cika." Kuskure ne. Tashar Shiroro mai megawat 600, da Kainji da Jebba da Zungeru, duk babban layin ƙasa suke zuba wutarsu. Abin da ke iso maka ya dogara da nauyin da ke kan taransifomar unguwa, da nisanka da ita, da kaurin waya. Shi ya sa lambar ke faɗuwa bayan magariba a watan Maris, lokacin da kowa ya kunna fanka.

"Rabin wuta na ƙona kaya." Gaskiya ne. Injin firij da na famfon burtsatse suna ƙara jan wuta idan ƙarfinta ya ragu, sai wayoyin cikinsu su yi zafi su ƙone. Ka ga 170, kashe su.

"Wuta na iya haura 300 a gida." Gaskiya ne. Idan wayar nitiral ta tsinke a layin unguwa, wasu gidajen wutarsu ta dusashe, wasu kuma ta doshi 400, ƙwayaye su yi haske fiye da kima su fashe. Sauke babban makunni nan take, ka gargaɗi maƙwabta, sannan a kai rahoto ofishin kamfanin rarraba wuta.

"A kan inbata yakan yi ƙarya." Akwai ƙamshin gaskiya. Masu araha an ƙera su ne don wuta mai santsi irin ta nefa, saboda haka suna ba da lambar da ba daidai ba a kan ƙananan inbatoci. Mai rubutun True RMS ya fi aminci.

Shawarata: a sa ma'aunin, domin amfaninsa ya ninka kuɗinsa. Amma ƙwararren mai gyaran wuta ya ɗaura shi, ya gwada shi da mitarsa ta hannu, a haɗa da mai yankewa, sannan a koya wa mutanen gida lambobin da in sun gani za su kashe kaya.