Tun Ina Firamare Ake Ce Min "Likita"

Ina aji huɗu a firamare na zo na ɗaya a jarrabawa, kawuna ya dafa kaina ya ce, "Wannan yaron likita ne." Shi ke nan suna ya bi ni. Duk ranar da muka bi ta gaban tsohon asibitin koyarwa na ABU da ke nan Tudun Wada, sai Inna ta nuna min masu farar riga ta ce, "Ga 'yan uwanka nan."

Da na shiga SS1 babu wanda ya tambaye ni ajin da nake so, ni ma ban tambayi kaina ba. Kun dai san yadda abin yake: masu ƙoƙari ake turawa ajin kimiyya, har ɗan ajin Art ya riƙa ganin kansa a matsayin wanda aka tankaɗe aka bari. Na shiga kimiyya da fahariya, alhali Kemistiri ba ya shiga kaina, kuma ranar Babbar Sallah in za a yanka rago ɗaki nake shigewa. Likita ke nan fa!

Sai a jami'a na gano cewa masana sun daɗe da sanin irina. Erik Erikson, masanin halayyar ɗan Adam, ya bayyana cewa babban aikin shekarun samartaka shi ne mutum ya gano ko shi wane ne. A 1966 James Marcia ya faɗaɗa maganar, inda ya kasa matasa gida huɗu. Akwai wanda bai nema ba kuma bai zaɓa ba, akwai mai cikin nema, akwai wanda ya nema ya samu matsaya. Na huɗun shi ne wanda ya rungumi zaɓin da aka yi masa ba tare da ya bincika ba. Daga waje ya fi kowa kama da mai alƙibla, domin da ka tambaye shi yana da amsa a baki. Ni ke nan.

Na rubuta JAMB da Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, makin da na samu cikin 400 bai kai ko kusa da na likitanci ba. A shekarar da na yi a gida ne na lura da abin da kullum nake yi ba tare da an sa ni ba: rubuta wa maƙwabta takardar koke, da zaman sauraron muhawara a rediyo. Na ce to, Lauya zan karanta, ga Kongo nan kusa da gida. Nan na ci karo da katanga, domin kwas ɗin na buƙatar kiredit a Adabin Turanci, ni kuwa ban taɓa zama ajinsa ba. Dole na sake zama jarrabawar 'yan waje. Wato zaɓin da aka yi min ina ɗan shekara 14 ya ci min shekara guda da kuɗin Baba.

Shi ya sa nake roƙon ƙannena na JSS3 da SS1, ku duba littafin bayanin kwasa-kwasai na JAMB tun yanzu. Ku kuma gwada kanku. Abubakar Imam horon malanta ya samu a Katsina, koyarwa yake yi lokacin da ya shiga gasar rubutu ta 1933 da Ruwan Bagaja, zuwa 1939 ga shi a Zariya yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Mu 'yan Zariya ma ba mu da uzuri: ga Samaru, ga Kongo, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, ga Kwalejin Nuhu Bamalli. Kuɗin Keke Napep ya isa ka je ka tambayi ɗalibi abin da ake koya masa a aji.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne faɗa wa Baba. Kawuna na tura, tunda shi ya raɗa sunan. Baba ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah Ya sa haka ya fi alheri." Yanzu ina aji biyu a Kongo. Inna kuwa har gobe in za ta aike ni kasuwa, "Likita" take ƙwala min.