Curin Nama Na Teriyaki: Tukunyar Da Ke Dafa Kanta, In Akwai Wuta

Duk ɗan Arewa da ya zauna Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san cewa ba cefane ne babbar wahalar abincin dare ba, lokaci ne. Maigida ya fita tun asuba, uwargida wataƙila tana da shagonta ko aikin ofis, yara suna makaranta, in an tashi kuma a faɗa cunkoson motoci, ba a isa gida ba sai bayan lisha. A wannan lokaci ba mai ƙarfin tuƙa tuwo, balle kaɗa miya. Sai a aiki yaro ya sayo burodi, a haɗa shayi, a sha a kwanta.

Mutanen Amurka sun yi fama da irin wannan matsala fiye da shekara 50 da suka wuce. Maganin da suka samu shi ne wata tukunyar lantarki wadda ba ta gaggawa, a zuba mata kayan abinci a rufe a tafi, ita kuwa ta yi ta dahuwa sannu a hankali har a komo. Cikin abincin da ya yi suna a wannan tukunya akwai curin niƙaƙƙen nama cikin romon teriyaki. Yanzu tukunyar ta shigo kasuwannin Kudu, da sabuwa da ta gwanjo, saboda haka ya kamata mai karatu ya san abin da ta ke iyawa, ya kuma san inda za ta iya cutar da shi a ƙasar da wutar lantarki ba ta da alkawari.

Asalin tukunyar daga wata al'adar Yahudawa ne. Addininsu ya hana su hura wuta ran Asabar, don haka a garin Vilna na ƙasar Lituwaniya, ran Juma'a da yamma matan gida kan haɗa wake da nama a tukunya su kai gidan burodi, a tura cikin tanderun da ya fara hucewa, ta kwana tana dahuwa. Wani injiniya mazaunin Shikago mai suna Irving Naxon ya ji wannan labari daga bakin mahaifiyarsa, sai ya ƙera tukunyar da lantarki zai yi mata aikin wancan tanderu. Ya nemi rajistar ƙirarsa a 1936, aka ba shi a 1940. Ba ta yi wani tashe ba sai da kamfanin Rival ya saye ta a 1970, ya fito da ita a 1971 da sunan Crock-Pot. Ta zo a kan gaɓa, gama a shekarun nan ne matan Amurka suka yi ta fita aikin albashi, ga kuma tsadar makamashi da ta biyo bayan rikicin man fetur na 1973.

Ƙirarta ba wuya. Gidan ƙarfe ne daga waje mai wayar zafi a jikinsa, da kaskon tangaran mai kauri a ciki, da murfin gilashi. Maɓallinta yana da ƙaramar wuta da babbar wuta, waɗansu kuma da na uku na ajiye abinci da ɗumi. Zafinta bai cika wuce na ɓararrakar ruwa a hankali ba, tururin da ya tashi kuwa ya kan daki murfi ya koma ciki. Shi ya sa abinci ba ya ƙonewa, ruwa kuma ba ya tsotsewa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana.

Shi kuwa teriyaki kalmar Japan ce, kuma kalma biyu ce aka haɗa: teri, watau sheƙi, da yaki, watau gashi. A can, hanyar gasa kifi ce da kaza, ana gashi ana shafa wani romo mai zaƙi da gishiri har naman ya yi sheƙi kamar an goge shi da mai. Da kifi aka fi saninsa tun asali, domin Japanawa sun yi ƙarnuka suna ƙyamar naman dabbobi, sai a 1872 da aka sanar cewa Sarki Meiji ya ci naman sa, sa'an nan jama'a suka saki jiki. Japanawan da suka tafi ƙwadago a gonakin rake na tsibirin Hawayi, waɗanda suka fara kwarara da yawa daga 1885, su suka kai shi ƙetare, a can aka ƙara masa citta da tafarnuwa da jan sukari da abarba. Kamfanin Kikkoman ya fara sayar da romon a kwalba a Amurka a 1961. A 1976 wani mai suna Toshihiro Kasahara ya buɗe ɗan gidan abinci na teriyaki a birnin Siyatil, daga nan irin waɗannan shaguna suka cika garin.

To, ashe curin nama na teriyaki a tukunyar lantarki ba abincin Japan ba ne, na Amurka ne da ya ari sunan Japan. Ba gashi a cikinsa ko kaɗan, sheƙin kawai ya rage. Abincin baƙi ne da suka yi da abin da suka samu a ƙasar da suka sauka, abin da mazauna Sabo da Agege da Idi-Araba ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kansa.

Kafin a ɗora tukunya akwai maganar da ta shafi Musulmi. Romon teriyaki na asali abu huɗu ne: shoyu, da sukari, da mirin, da sake. Biyun ƙarshe giyar shinkafa ce, mirin yana da barasa wajen kashi 14 cikin 100, sake kuma ya ɗan fi haka. Waɗansu kan ce ai wuta tana kore ta. Ba duka ta ke korewa ba, balle a tukunyar da ke rufe tururinta yana komawa ciki. Romon kwalba da a ke sayarwa a manyan kantuna da yawansa akwai giya cikin jerin kayan haɗinsa, haka nan curin nama na leda da a ke shigo da shi a daskare sau da yawa da naman alade a ciki. Saboda haka a haɗa kome a gida, ya fi araha, hankali kuma ya fi kwanciya. Shi kansa shoyu baƙin ruwa ne mai gishiri da a ke samu daga waken soya da alkama bayan an bar su sun ruɓa na watanni, ɗan'uwan daddawa ne a wajen aiki, ko da ya ke ƙanshinsu ba ɗaya ba ne. Wajen ruɓar tasa ɗan barasa kan fito, don haka mai son kauce wa shakka sai ya nemi kwalbar da ke da hatimin halal, akwai su.

Don iyali mai mutum shida, a sami naman sa kilo 1, mai ɗan kitse kaɗan, gama tsoka zalla ta kan yi tauri. A sa mahauci ya niƙa a gaban mai saye, ko a yayyanka a daka a turmi. A zuba ƙwai 2, da garin busasshen burodi cikin gwangwanin madara ɗaya da rabi, da albasa guda da aka goga, da tafarnuwa ƙwaya 4, da ɗanyar citta kamar tsawon ɗan yatsa, da masoro kaɗan. A cuɗa da hannu sama-sama har su haɗu. Wanda ya yi ta murza shi kamar kwaɓin burodi zai ci abu mai tauri kamar roba. A jiƙa tafin hannu a riƙa curawa kamar girman lemon tsami, za a sami wajen 35 ko 40.

Matan Amurka da yawa daga nan sai tukunya. Amma minti 10 da za a ɓata wajen soya curin sama-sama a ɗan mai, ko gasa shi, har bayansa ya yi ja, ba asara ba ce. Yana hana shi wargajewa, yana rage kitsen da zai taso saman romo, yana kuma dawo da ƙanshin gashin da sunan abincin ya yi alkawari.

Romon kuwa, a haɗa shoyu gwangwanin madara ɗaya wanda bai cika ba, da ruwa gwangwani ɗaya da rabi, da mazarƙwaila da aka daka rabin gwangwani, da zuma cokali 2, da ruwan lemon tsami cokali 2, da ƙarin citta da tafarnuwa. Mazarƙwaila ta tsaya daidai a madadin jan sukarin Hawayi, duk daga rake su ke. Mai son abarba ya sa, amma ta gwangwani, ko ɗanya da aka fara tafasawa, domin ɗanyar abarba tana da wani sinadari mai narkar da nama, sai a buɗe tukunya a tarar da fate. Attarugu ba ya cikin tsarin Japanawa, amma harshen da ya saba da yaji zai ga abincin ya yi zaƙi da yawa in babu shi, guda ɗaya ya isa. Kada a sa gishiri, kada a sa magi. Babban cokali ɗaya na shoyu yana ɗauke da kusan rabin gishirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarje wa babban mutum a yini, watau giram 5. Gidan da ke da mai hawan jini sai a rage shoyu a ƙara ruwa da citta.

A jera curin a kasko, a kwarara romo, a rufe. Kada kaskon ya wuce kashi biyu cikin uku. A ƙaramar wuta awa 4 zuwa 5, a babbar wuta awa 2 zuwa 2 da rabi. A daure a bar leƙawa, kowane buɗe murfi yana ƙara wajen minti 20 a kan lokacin dahuwa. In saura rabin awa, a dama kwanfulawa cokali 2 da ruwan sanyi a zuba, a juya a hankali, a mai da wuta babba. Nan ne romon zai yi kauri ya yi sheƙi.

Mai karatu ya lura da awa 4 zuwa 5 ɗin nan. Wanda ya bar Agege ƙarfe 5 na asuba bai komo ba sai 9 na dare ya yi awa 16 a waje, curin nama kuwa ba ganda ba ne da zai jure haka. Abincin ya fi dacewa da wanda zai ɗora da azahar, ko da ranar hutu, ko gidan da ba a rasa babba guda a ciki.

Babbar magana ita ce ta wuta. An ƙera tukunyar ne don ƙasar da lantarki ba ya yankewa. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa cikin sauri a abinci in zafinsa yana tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin Salshiyas, kuma niƙaƙƙen nama ya fi yanka haɗari, domin ƙwayoyin da ke bayan nama niƙa ta riga ta cusa su ciki. Sai tsakiyar curin ya kai digiri 71 kafin a ce ya dahu. To, a ce an ɗora ƙarfe 1, aka ɗauke wuta ƙarfe 2 ba kowa a gida, aka dawo da ita ƙarfe 6. Da dare za a tarar da tukunya da zafi, ga ƙanshi, ba wata alama, alhali naman ya yi awa huɗu cikin ɗumin da cuta ke so. Waɗansu ƙwayoyin suna barin dafi wanda sake tafasawa ba ta kashe shi. Shawarar ma'aikatar gona ta Amurka a kan wannan a fili ta ke: in wuta ta yanke ba kowa a gida, a zubar da abincin ko da ya yi kama da dafaffe. Zubar da kilo guda na nama a tsadar yau ba ƙaramin ciwo ba ne, amma bai kai kwana a asibiti da yara uku masu amai da gudawa ba. In kuwa da mutum a gida lokacin da aka ɗauke, nan take ya juye a tukunyar ƙarfe ya ƙarasa a kan gas ko gawayi. Kaskon tangaran ɗin ba a ɗora shi a kan harshen wuta, fashewa ya ke yi. Har wa yau, ba a sa daskararren ɗanyen nama a cikinta, sai ya narke tukuna.

Abin da ya sauƙaƙa al'amarin shi ne tukunyar ba ta da cin wuta. Galibi wat 200 zuwa 300 ta ke ja, dutsen guga kuwa ya kan haura 1,000. Awa 5 a kan wat 200 yunit ɗaya ke nan a mita. Saboda haka gidan da ke da sola da batir, ko ƙaramin janareta, zai iya riƙe ta ba tare da wahala ba.

Mai sayen ta gwanjo kuma ya juya gindinta ya karanta. Ta Amurka ta bolt 120 ce, wutar Nijeriya kuwa 230 ce, in aka jona ta kai tsaye ƙauri kawai za a ji, kuɗi sun tafi. Sai da taransifoma. Wadda ta fito daga Ingila ita ce ta yi daidai da wutar nan, har da filoginta mai baki uku. A duba kaskon da kyau ko da tsagewa.

Wanda ba shi da tukunyar ma bai rasa abincin ba. A tukunya mai kauri, a kan gas ko risho da aka rage ƙwarai, ko kurfoti da garwashinsa ya lafa, minti 30 zuwa 40 sun isa, sai dai a ƙara ruwa kaɗan, a riƙa girgiza tukunyar maimakon juyawa da ludayi. Akwai kuma dabarar tafasa abinci sosai, a sauke a naɗe tukunyar cikin bargo mai kauri ta ƙarasa da zafinta. A kan wannan dabara ce wata mata 'yar Afirka ta Kudu, Sarah Collins, ta ƙera jakar girki mai suna Wonderbag a 2008, lokacin da ƙasarsu ke fama da ɗauke wuta.

Da farar shinkafa a ke ci, a barbaɗa soyayyen riɗi da yankakken lawashi a kai, a ajiye dafaffen kabeji ko karas a gefe don su karya zaƙin. Yana shiga da taliya, yana kuma shiga cikin burodi don yara su tafi da shi makaranta. Abin da ya saura kada ya kwana a kasko. A juye a mazubi marar zurfi a sa a firiji kafin awa 2, a lokacin zafi ma kafin awa 1, da safe kuma a ɗumama a kan wuta har ya tafasa, ba a cikin tukunyar lantarkin ba, gama ita ba ta saurin ɗaukar zafi.