Abin da ke hana jan fayil zuwa cikin wata manhaja a Windows, da yadda za a magance shi

A shagunan buga takardu na unguwar Yindiski da sauran sassan Potiskum a Jihar Yobe, inda ɗalibai da 'yan kasuwa ke kai hoton fasfo, takardun makaranta da katin gayyatar biki, mai aiki kan ja fayil da linzamin kwamfuta ya sauke shi a cikin CorelDRAW ko Photoshop. Wani lokaci fayil ɗin yakan ƙi shiga, sai alamar hani ta bayyana, wato da'ira da aka soke ta da layi.

Da yawa kan zargi linzami ko ƙwayar cutar kwamfuta, har su biya kuɗin sake ɗora Windows. Amma galibi kwamfutar lafiyarta ƙalau. Abin da ya faru shi ne an buɗe manhajar da cikakken iko, ta hanyar zaɓin "Run as administrator".

Tun daga Windows Vista, wadda kamfanin Microsoft ya fitar ga jama'a a watan Janairun 2007, kowace manhaja da ke aiki tana da matakin amincinta. File Explorer, wurin da ake ganin fayiloli, yana aiki ne a matsakaicin mataki, ko da mai kwamfutar ne da kansa ke amfani da ita. Manhajar da aka buɗe da cikakken iko kuwa tana hawa mataki na sama.

Jan fayil daga wata taga zuwa wata saƙo ne tsakanin manhajoji biyu. Tsarin tsaro da ake kira UIPI yana hana manhajar da ke ƙasa aika irin wannan saƙo ga wadda ke sama da ita. Shi ya sa fayil ɗin ke tsayawa a bakin ƙofa.

An kafa wannan shinge ne da dalili. A shekarar 2002, an wallafa wani bincike da ya nuna yadda muguwar manhaja marar iko za ta iya aika wa mai iko saƙonni, ta sa ta aikata abin da take so. UIPI na daga cikin matakan da aka ɗauka domin toshe wannan kafa.

Mai son tabbatar da tushen matsalar zai iya buɗe Task Manager, ya shiga sashen "Details", ya ƙara layin "Elevated". Duk manhajar da aka rubuta "Yes" a gabanta, da cikakken iko take aiki.

Mafita mafi sauƙi ita ce a rufe manhajar, a sake buɗe ta yadda aka saba. Idan kullum da cikakken iko take tashi, sai a danna ɓangaren dama na linzami a kan alamarta, a shiga "Properties", sannan "Compatibility", a cire makin da ke gaban "Run this program as an administrator". Aikin zane, rubutu da gyaran hoto ba kasafai yake buƙatar wannan iko ba.

Idan kuwa manhajar ba ta aiki sai da shi, kamar wasu tsofaffin manhajoji, ana iya buɗe fayil daga cikinta ta hanyar "File" sannan "Open", ko a danna Ctrl da O. Wannan hanya ba ta ratsa shingen.

Abin da ya kamata a guje wa shi ne kashe tsarin UAC gaba ɗaya ta hanyar sauya rajistar Windows, kamar yadda wasu masu gyara ke yi. Jan fayil zai dawo, amma daga nan duk manhajar da aka buɗe a asusun mai iko za ta samu cikakken iko ba tare da neman izini ba.

A shagon da ake soka filash ɗin mutane daban-daban kowace rana, kuma kwamfutarsa ke ɗauke da hotuna, sakamakon jarrabawa da lambobin NIN na abokan ciniki, wannan ganganci ne. Haɗarin ya ƙaru ga kwamfutocin da ke kan Windows 10, wadda Microsoft ya daina tura wa gyare-gyaren tsaro na yau da kullum tun ranar 14 ga Oktoba, 2025.