Dalilin Koya wa Ɗaliban Kasuwanci Dokar Filaye

Jama'a kan tambaye mu haɗin ɗalibin kasuwanci da dokar filaye. Haɗin shi ne jingina. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha ga Gwamna bisa amana, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da izinin riƙe su. Mai takardar Gwamna ba shi da ikon sayarwa ko jinginarwa sai da amincewarsa. A 1989 Kotun Ƙoli ta soke jinginar da bankin Savannah ya karɓa saboda rashin wannan amincewa. Don haka muna jan hankalin dagatai da manoma: takardar ciniki ta gaban mai unguwa shaida ce, amma akasarin bankuna ba sa ba da rance a kanta.